Ƙwan LED na rage kuɗin wuta, amma sai da mita da ƙwai na ƙwarai

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, lokacin da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225, maganar kuɗin wuta ta shiga sahun maganar shinkafa da kuɗin makaranta a gidaje da yawa. An ɗan sassauta zuwa naira 206.80 a watan Mayu, aka sake ɗagawa zuwa 209.50 a Yuli. Idan aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, sai ka ga an dawo kusan 225 ɗin da aka fara. Rukunin A su ne waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Sauran rukunai, daga B zuwa E, an bar su a tsohon farashi, ƙasa da naira 70, gwamnati na cika gibin. Wanda ya dogara da cewa haka za a dawwama, bai kalli abin da ya faru da tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba.

Shawarar da aka fi ba jama'a ita ce su sauya ƙwayayen fitila su koma LED. Shawara ce mai kyau, lissafinta ma zai biyo baya. Sai dai ana ba da ita kamar magani ne na kowa da kowa, alhali tana da sharuɗɗa biyu da ba a cika faɗa ba, kuma dukansu ba a hannun maigida kaɗai suke ba.

Yunit ɗaya na nufin wat 1,000 na tsawon awa guda. Duk abin da ke jikin soket, ka ɗauki wat ɗinsa ka ninka da awannin da yake aiki, ka raba da 1,000, ka sami yunit ɗin da ya ci. Tsohon ƙwai mai zare a ciki, wanda ke ƙona hannu idan an taɓa, mai wat 60, idan yana ci awa 6 kullum, zai cinye yunit 10.8 a wata, wato kusan naira 2,400 ga ɗan rukunin A a farashin 2024. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da nasa, amma yunit 1.6 zai ci, kimanin naira 365. Dalilin bambancin shi ne tsohon ƙwan zafi yake sayar maka: sama da kashi 90 cikin ɗari na wutar da ya sha a zafi take tafiya, 'yar ragowar ce ke zama haske. Gidan da ke da ƙwai takwas, falo da ɗakuna da kicin da bayi da zaure, zai tashi daga yunit 86 zuwa 13. Rarar ta haura naira 16,000 a wata. Ko da naira 2,000 aka sayi kowane ƙwai, cikin wata guda ya biya kansa. Ga ɗan rukunin C ko D kuwa, sai an ɗauki watanni, domin farashin ya yi ƙasa kuma wutar ma ba ta zama.

Fitilar waje ta fi kowacce cin kuɗi, kuma ita ake mantawa da ita. Ƙwai mai wat 100 a ƙofar gida, daga magariba zuwa wayewar gari, awa 12, yunit 36 ne a wata, sama da naira 8,000. LED mai wat 15 zai yi aikin da yunit 5.4. Idan kuɗin ƙwai ɗaya kawai gare ka, ita za ka fara sauyawa, ba ta ɗakin baƙi da ake kunnawa sau biyu a mako ba.

Ga mai janareta ko sola ribar ta ma fi haka. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai yakan sha kusan lita guda kafin ya fitar da yunit ɗaya, ke nan yunit ɗinsa ya ninka na kamfanin wuta sau da yawa. Batir mai bolt 12 da ƙarfin 200Ah kuma yana riƙe da yunit 2.4, amma rabinsa ake so a taɓa idan ana so ya yi ƙarko. Tsofaffin ƙwai takwas za su shanye wannan rabin cikin awa biyu da rabi. Na LED takwas za su kwana suna ci.

To, sharaɗi na farko: mita. Kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta a Najeriya ba su da ita. Bil ɗinsu na ƙiyasi ne. Tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sanya iyaka kan abin da za a iya caji marar mita, ana auna shi da matsakaicin abin da masu mita ke sha a kan layi ɗaya. Wannan ya rage zalunci, amma bai taɓa ainihin matsalar ba. Mutumin da zai biya kuɗi iri ɗaya ko ya kashe fitila ko ya bar ta, me zai sa ya fitar da kuɗinsa ya sayi ƙwai mai tsada? Shi ya sa za ka bi layi da azahar ka ga fitilun ƙofar gida da na shaguna suna ci, rana tsaka. Ana zargin mutane da sakaci, amma lissafinsu daidai yake da tsarin da aka ɗora su a kai. Wanda ke cutuwa shi ne taransifomar unguwa, wadda ke ɗaukar lodin da bai kamata ba, har wuta ta yi rauni da daddare, ko ta buga a shiga karo-karon gyara. A gidan haya mai mita ɗaya ma haka abin yake: idan ana raba kuɗi ɗaki-ɗaki, wanda ya sauya ƙwansa ya yi wa maƙwabcinsa mai hita aiki. Maganin wannan ƙaramar mita ce ga kowane ɗaki, irin wadda masu aikin wayarin ke ɗaurawa bayan babbar.

Sharaɗi na biyu shi ne ingancin ƙwan, kuma nan ne kasuwa ta lalace. Kwali zai ce wat 30 ko 40, ƙwan kuwa ba nauyi, ba haske, idan aka auna da kyar ya kai wat 10. Mutane sun saba tun zamanin tsohon ƙwai cewa yawan wat shi ne yawan haske, masu shigo da kaya suka gane haka, suka riƙa buga lambar da ido ke so. Wat ma'aunin cin wuta ne. Ma'aunin haske lumen ne, ana rubuta shi da lm. Lumen 800 shi ne hasken tsohon mai wat 60, ya ishi matsakaicin ɗaki. Lumen 1,500 shi ne na mai wat 100. Ka raba lumen da wat: ƙwai na kirki zai ba ka 90 zuwa sama. Kwalin da bai rubuta lumen ba sam, ajiye shi. Sai a duba bolt: wanda aka rubuta 85 ko 100 zuwa 265 yana da na'urar da ke daidaita wuta a cikinsa, zai ci gaba da haske ko wuta ta yi rauni. Wanda ya tsaya a 220 zuwa 240 shi ne ke dusashewa yana ƙyaftawa da zarar unguwa ta kunna kaya da daddare. Akwai kuma lambar launin haske: 6500K fari ne tas, ya dace da kicin da shago da waje. 3000K mai ɗan ja ne, ya fi sauƙi ga ido a ɗakin kwana. Launin bai shafi cin wuta ba.

Mai mita mai kati zai iya gwada gaskiyar kwali a gida. A fuskar mitar akwai 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta lamba, misali 1000 imp/kWh, wato ƙyaftawa 1,000 ne yunit ɗaya. Kashe komai har da firij, ka bar ƙwan da kake zargi kaɗai. A irin wannan mitar ƙwai mai wat 10 na gaskiya zai sa ta ƙyafta sau ɗaya duk minti 6. Mai wat 30 kuwa duk minti 2. Idan kwali ya ce 30 amma kana jiran minti shida, ka san abin da aka sayar maka. Idan ka kashe komai da komai kuma mitar ba ta daina ƙyaftawa ba, akwai yoyon wuta a wayarin ko wani ya ja layi, a kira mai gyara.

Ana rubuta awa 15,000 ko 25,000 a kwali, ƙwan ya mutu kafin wata huɗu. Galibi ba 'yan ƙwayoyin hasken ne ke fara mutuwa ba. A gindin ƙwan akwai ɗan allo mai juya wutar gida zuwa wadda ƙwayoyin ke buƙata, a jikinsa akwai kafasita mai ruwa a ciki, ita kuma zafi ne ajalinta. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba rayuwarta biyu. Ka ɗauki ɗaki mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, a cusa ƙwan cikin rufaffen gilashi ko cikin silin ɗin POP da iska ba ta shiga, ka ga dalili. Ƙwai na ƙwarai yana da kofin alminiyam a ƙarƙashin robar gindinsa don ya kwashe zafi, shi ya sa yake da ɗan nauyi a hannu. Na araha roba ce zalla. Araha dai ba ta ado. Idan an buɗe hular wanda ya mutu aka ga ɗigon baƙi a kan ƙwaya ɗaya, ita ce ta ƙone, kuma da yake a jere aka haɗa su, ɗaya ta kashe duka. Masu gyara kan haɗe wurin da darma ƙwan ya dawo, amma idan ba a magance zafin ba, ta gaba na hanya.

Akwai laifin da ba na ƙwan ba. Holda mai sako-sako tana tartsatsi a ciki, tana kashe ƙwai bayan ƙwai a wuri ɗaya. Idan ɗaki guda ne kullum ke cin ƙwai, holdar za a sauya. Ƙwan da ke ɗan haske bayan an kashe shi kuwa, yawanci an ɗaura makunnin ne a kan wayar nutral maimakon mai wuta. Wannan ya wuce maganar kuɗi, domin holdar na ɗauke da wuta ko makunni na kashe, kuma tana iya jan mai sauya ƙwai. Idan kuma ƙwayayen gida suka yi wani irin haske suka mutu tare, nutral ce ta tsinke a layi, wutar da ta shigo na iya kusantar bolt 400. Babu ƙwan da zai jure wannan. Na'urar katse wuta idan ta yi yawa, wadda ake ɗaurawa a akwatin fis, ita ce kariya, kuma firij da talabijin ma sun fi buƙatarta.

Bayan an gama sauya ƙwai, kada a ci gaba da yi wa yara faɗa kan fitilar bayi. Hitar dafa ruwa mai wat 1,500 tana cin rabin yunit cikin minti 20, abin da ƙwai mai wat 9 zai yi awa 55 kafin ya ci. Fankar sama ta gama-gari mai wat 70, awa 12 a rana, yunit 25 ce a wata, ninki biyu na duk fitilun gidan da muka lissafa. Sababbin fankoki da ake kira BLDC suna cin kamar rabin haka. Dutsen guga, risho na lantarki, tsohuwar firiza da robar ƙofarta ta saki: can kuɗin ya koma.

Ghana ta gwada abin da ya kamata mu duba. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwai mai tsimin wuta miliyan 6 kyauta, ana karɓe tsofaffin, abin da ya rage lodin lokacin da aka fi shan wuta da kimanin megawat 124. A shekarar da ta biyo baya aka yi dokar hana shigo da tsohon ƙwai. Na wancan lokacin mai murɗaɗɗen gilashi ne, wanda yanzu duniya ke barinsa saboda sinadarin makuri da ke cikinsa, amma dabarar tana nan. A Najeriya ba sai an kai ga rabon kyauta ba, wanda muka san yadda yake ƙarewa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ce ke da alhakin tantance kayan da ake shigowa da su, kuma gwada wat da lumen na ƙwai ba aiki ne mai tsada ba. Ta ɗebi samfuri daga manyan kasuwannin kayan lantarki, irin Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano, ta auna, ta wallafa sunan wanda ya cika da wanda ya yi ƙarya. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomin kula da wuta. Jihar da ta karɓi wannan iko, ta fara da tilasta wa kamfanin rarrabawa jadawalin saka mita, layi bayan layi, da ranar da za a daina karɓar bil ɗin ƙiyasi a kowane layi.