Kafin a rushe tsohon ajin mishan na ƙauye

Jama'a, wanda ya bar cikin Kano ya nufi ƙauyukan Maguzawa zai iya tarar da firamare mai gini iri biyu: tsohon aji na mishan a gefen coci, da sabon gini na kwangila mai fenti. Sau da yawa tsohon ne ke tsaye, sabon kuwa iskar farkon damina ta riga ta yaye masa kwano. Amma da an ce gyara, tsohon ake fara nuna wa yatsa, wai ginin ƙasa ne, a rushe. Ni ban yarda ba.

Zaman makarantun nan a ƙauye yana da dalili. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, don haka aka taƙaita mishan a Sabon Gari da wajen gari. Shi ya sa makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta gwamnati ce. A ƙauye ɗaki ɗaya kan yi aiki biyu: Lahadi sujada, Litinin karatu. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun, sannan shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, ya cika su da yara, aka shiga gini cikin gaggawa.

Ka tsaya ka dubi tsohon ajin da kyau. Harsashinsa dutse ne ko marmara, an ɗaga shi sama da ƙasa don kada ruwa ya taɓa tubali. Katangar tana da kauri, zafin Afrilu ba ya ratsa ta da wuri. Inda magini ya san aikinsa, tagogi arewa da kudu suke kallo, rana ba ta faɗo wa yara a fuska, iska kuma tana wucewa. Bakin kwano ya zarce katanga sosai, ga baranda.

Irin wannan gini ta wuri biyu yake mutuwa: sama da gindi. Ƙusa ɗaya ta saki, ruwa ya riƙa ɗiga a kan katanga, damina biyu ta zaizaye. A ƙasa kuma ruwan da ke zuba daga kwano yana fantsama yana cin gindin bango. Saboda haka rufi ake fara gyarawa, fenti ya jira. A cire katakon da gara ta ci, a shafe sabon da baƙin mai, a ɗaure shi da langa-langa da aka binne cikin katanga, domin guguwar da ke tasowa daga gabas ta ƙarƙashi take ɗaga rufin. A yi daɓe mai gangara kewaye da ginin, da kwata mai fitar da ruwa nesa.

Babban kuskure shi ne shafe katangar ƙasa da siminti zalla. Ba sa kama juna. Danshi ya maƙale a ciki, wata rana shafen ya ɓalle faifai guda, ya tafi da fuskar bangon. Yaɓen ƙasa da makuba ya fi dacewa da ita, sai dai yana son sabuntawa akai-akai, kuma a nan ne ɗan kwangila ba ya samun na cefane.

Sabon ginin fa? Buhun siminti da ya kamata ya fitar da bulon inci 9 kamar 30 ne ake matsa wa ya haifi 50, ba a kuma ba shi ruwa na mako guda. Ka murza shi da yatsa, yashi ya zubo.

Ku 'yan kwamitin makaranta da tsofaffin ɗalibai da ke zaune a Kano, in kun je duba ginin ku nemi hedimasta ya buɗe kabad. Tsohuwar rajistar shiga makaranta tana ɗauke da sunan yaro, na mahaifinsa da shekarar da ya shiga. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku ɗaga littafin daga ƙasa, ku sa shi a akwatin ƙarfe kafin gara ta kai gare shi.