Yatsan Hume da Audugar Imamu Gazali

A titin Royal Mile, nan Edinbara, babban birnin Scotland inda nake zaune, akwai mutum-mutumin David Hume, masanin falsafa ɗan ƙasar, a zaune da mayafi. Babban yatsan ƙafarsa har ƙyalli yake don shafa. Ɗalibai da 'yan yawon buɗe ido ne ke shafawa, wai neman sa'a. Mutumin da ya rubuta a 1748 cewa mai hankali bai kamata ya gaskata labarin mu'ujiza ba, yau shi ake tabarruki da yatsansa!

Hujjarsa ba wuya. Kullum wuta ƙuna take, matacce ba ya tashi. In wani ya zo maka da labarin saɓanin haka, sai ka auna: wanne ya fi sauƙin aukuwa, tsarin halitta ya karye, ko mai labarin ya yi kuskure ko ƙarya? A wurin Hume, na biyun ne ke rinjaye kullum.

Gaskiya ma'aunin nan ya yi mini rana. Zauren WhatsApp na danginmu ba ya rabo da abin al'ajabi: yau kankana mai sunan Allah, gobe malamin da aka gani a Kano da Makka rana guda. Na taɓa tambayar gwaggona wa ya gani da idonsa, ta ce, "Kai ɗan nan, Turai ta fara ɓata ka." Alhali tambayar malaman hadisi ke nan tun fil azal: wa ya faɗa, daga wa ya ji?

Inda muka raba gari da Hume shi ne wurin Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. Shi cewa ya yi ganin auduga ta ƙone da ta haɗu da wuta bai tabbatar da wutar ce mai ƙonawa ba. Al'ada ce Allah yake gudanarwa. Ibn Rushdi, masanin falsafa na Kurɗuba ta ƙasar Andalus, ya mayar masa da martani cewa wannan rushe ilimi ne. Amma shi kansa Hume ya yarda sabo ne ke sa mu ƙulla sanadi da sakamako. To in al'ada ce, me zai hana Mai gudanar da ita ya dakatar da ita ranar da aka jefa Annabi Ibrahim a wuta?

Hunturuna na farko a nan, na buga wa kakata waya na ce tafki ya daskare, har agwagi na tafiya a kansa. Ta ce in ji tsoron Allah in daina ƙarya. Bisa ma'aunin Hume ta yi daidai, don ba ta taɓa ganin haka ba. Ni kuwa ina tsaye a bakin tafkin, ina kallon agwagin suna zamewa.