Ɗura a wata uku: garin neman ƙiba ana samo rama

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata, musamman ku ƙannena masu haihuwar fari, da ku iyayenmu kakannin jarirai.

A wani gidan biki nan cikin Maradi makon jiya, an kwantar da jaririya 'yar wata uku a cinya, an tara tafin hannu a bakinta, an toshe mata hanci ana zuba mata koko. Tana shure-shure tana shaƙewa, mata na dariya suna cewa a ƙara mata, haka aka yi musu suka girma. Uwar tana gefe tana latsa waya. Babu wadda ta ce a bari.

Haba jama'a! Wata uku fa. Wai me muke sauri ne?

Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da magana: nonon uwa zalla har wata shida cur, kwana 180, ba ruwa, ba koko, ba bauri, sai maganin da likita ya rubuta. Abin da ake faɗa mana ke nan kullum a wajen awo, mu gyaɗa kai, mu dawo gida mu ɗora tukunyar kunu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna jarirai 23 kacal cikin 100 ake shayarwa da nono zalla a Nijar. Sauran fa? Ɗura.

Hujjar farko da za a kawo miki ita ce zafi. Wai a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ta yaya za a hana jariri ruwa? Ƙanwata, fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Wanda yake fara fitowa idan yaro ya kama mama tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishirwa. Na ƙarshe mai kauri shi ne mai maiƙo, shi ke ƙosarwa ya sa nauyi. Shi ya sa ake cewa ki bar shi ya shanye ɓangare ɗaya kafin ki juya shi. In zafi ya tsananta, ki yawaita ba shi, ke kuma ki sha ruwa. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne. Duk cokalin ruwan randa ko kokon da kika zuba ya cinye gurbin nono, yaron ya rage tsotso, kuma nono da tsotso yake zuwa. Cikin 'yan makonni sai ki ji uwa tana cewa nononta ya ƙafe, alhali ɗurar ce ta ƙafar da shi. Sai a ƙara kunu saboda nono ya ragu, nonon ya ƙara raguwa saboda an ƙara kunu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fita ba.

Hujja ta biyu, wai yana yawan kuka, nono bai ishe shi ba. Kuka ba ma'auni ba ne. Yaron da ke fitsari aƙalla sau shida a yini, fitsarin ba ja ba, kuma nauyinsa na hawa a katin awo, to ya ƙoshi. Wajen mako shida da wajen wata uku jarirai kan ƙara neman mama na 'yan kwanaki saboda girma, kuma daidai nan ne suruka ke shigowa da ludayi. Inna, da girmanki, ki yi haƙuri: kwana biyu ko uku na yawan tsotso za su ƙara nonon da kansu.

Me kunun nan ke yi a cikin ɗan wata uku? Hanjinsa bai yi ƙwarin sarrafa gero ba. Ruwan da aka dama da shi, da ludayin, da hannun mai ɗurar, duk hanyar ƙwayoyin cuta ne. Zawo ya biyo baya, sai rama, sai tamowa. Ita kuwa ɗura da toshe hanci wata masifar ce daban, domin yaron da ke neman numfashi yana iya jan kunun zuwa huhu, ya kamu da ciwon haƙarƙari mai tsanani, wani ma ya shaƙe nan take. In yaro ya fara zawo kuma sai a ce haƙori ne, a rataya masa laya, a ƙara bauri. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wane haƙori a wata uku?

Mu mutanen Maradi bai kamata a tuna mana da tamowa ba. A 2005 duniya duka ta ga hotunan yaranmu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka cika cibiyoyi da su a nan garin. Har yau duk damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa zazzaɓin cizon sauro ya taso, gadajen yara kan cika a nan da Madarunfa. Jihar da ke noma gero, wake, gyaɗa da zogale, amma 'ya'yanta ake auna wa damtse a ga ja, alamar tamowa mai tsanani. Ba duka ne laifin talauci ba. Wani yaron an fara kashe masa ciki tun bai iya riƙe wuya ba. Kuma ku masu karɓo Plumpy'Nut, abincin gyaɗar nan na masu tamowa, da sunan yaro mara lafiya ku kai kasuwa, ko maigida ya shafa a burodi ya sha shayi, ku ji tsoron Allah. Magani ne.

To yaushe ake fara ba yaro abinci? Idan ya cika wata shida, ki ga yana riƙe kansa sosai, yana zama ko da an tallafe shi, yana bin lomarki da ido yana miƙa hannu, kuma in an sa masa cokali ba ya turo abincin da harshe. Jinkiri ma illa ne: daga wata shida sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin. Wadda ta kai wata tara ba ta fara ba, ita ma ta cuci ɗanta.

Ki fara ba shi mama, sannan ki zaunar da shi a cinya, ba a kwance ba. Babban cokali biyu zuwa uku, sau biyu a rana. Daga wata 6 zuwa 8 ki kai sau biyu ko uku, kina ƙarawa a hankali har rabin kofi mai mililita 250. Wata 9 zuwa 11, sau uku ko huɗu, rabin kofi, da ɗan abin taɓawa kamar ayaba ko mangwaro nunanne. Daga shekara ɗaya ya ci na gida, kusan kofi guda. Kunun ya yi kaurin da zai tsaya a cokali in an karkata shi. Tsinkakken da ke zuba kamar ruwa ciki kawai yake cikawa. Gero zalla ba ya gina jiki. Ki soya gero, waken suya ko wake, da gyaɗa, kowanne daban, gero ya fi yawa, a niƙa a tankaɗe. A tsince gyaɗar, duk mai fumfuna a zubar. In kin dama ki zuba ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, wata rana garin zogale, wata rana dafaffen ƙwai da aka murje, hanta, kifin da aka cire wa ƙaya, kabewa ko dankali mai jan ciki. Zancen wai ƙwai na sa yaro sata, ku bar shi. Sabon abu ɗaya a lokaci guda, ki lura ko zai fito da ƙuraje. In ya tofar, ki sake gwadawa gobe da jibi, kada ki matse masa hanci. Wallahi kada ki matse masa hanci.

Zuma sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Ban da dunƙulen magi da gishiri, ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Ban da shayi, yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. Gyaɗa da aya ɗai-ɗai suna maƙalewa a maƙogwaro. Kunun safe da ya yini a zafin nan ba na yamma ba ne, a dama sabo. A wanke hannu da sabulu, a yi amfani da kofi da cokali, kwalbar tsotso wuyar wankewa gare ta. Nono kuma ya ci gaba har shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata.

Ku kuma maza, kuna fada kuna dafa shayi zagaye uku, kuna da kuɗin katin waya, amma ƙwai ɗaya na yaro ya gagara. Mai shayarwa ta yini da farau-farau, ku dawo kuna tambaya me ya sa yaro ke kuka.

Iyayenmu na da sun yi kuskurensu, sun zubar da dakashi suna cewa datti ne, alhali shi ne rigakafin farko. Amma sun san darajar mai jego. Kwana arba'in ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ga kunun kanwa, ga gasasshen nama, ga tsohuwa a ɗaki tana tashinta cikin dare ta ba yaro mama. Yanzu kuɗin ya tafi a anko da hoton suna, mako biyu mai jego ta fita yawon biki, an bar jariri da 'yar goyo 'yar shekara takwas da kwanon koko. Abin kirkin da suka bar mana mun yar, ɗurar ce kaɗai muka riƙe gam.