Ba kowane peptide ne ya ci gwaji ba

Na karanta wani labari da ke cewa allurar peptide na daidaita garkuwar jiki, har ma ta ƙara tsawon rai. Gaskiya an haɗa tsaki da tsakuwa.

Peptide gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, ba sabon abu ba ne. Insulin ɗin masu ciwon suga ma danginsa ne, tun 1921 aka gano shi a Toronto. Semaglutide, wato Ozempic, wani peptide na maganin ciwon suga, sai da aka gwada shi a kan dubban mutane kafin hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017. Waɗannan ba musu.

To, peptide ɗin BPC-157 da ake ta kururutawa fa? Yawancin bincikensa a kan ɓeraye aka yi, kuma hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta haramta wa 'yan wasa shi tun 2022. Na taɓa riƙe irin 'yar kwalbar da ake saye ta intanet: farin gari a gindinta, a jikinta an rubuta wai don bincike kawai. Mai ita kuwa ruwa yake zubawa, ya zuƙa da sirinji, ya soka a fatar cikinsa bisa ƙiyasi. Wa ya auna tsabtarta?

Batun tsawon rai kuma, marubucin labarin bai kawo gwajin mutane ko ɗaya ba.