Fataken Sarki a Suwaira

Da an ambaci Bayahude a dandalin nan, Gaza ce ke faɗo mana a rai. Ni ma haka nake, kuma abin da ake yi wa Falasɗinawa ya sha hana ni barci. Duk da haka, yau ina roƙon mu leƙa wani gari a bakin Tekun Atilantika a Maroko, Suwaira, wanda Turawa suka sani da Mogador.

Sarki Sidi Muhammad bin Abdullah ne ya gina garin a shekarun 1760, kuma shi da kansa ya gayyato manyan 'yan kasuwa Yahudawa su zo su zauna. Ana kiransu tujjar as-sultan, wato fataken sarki. Ayari ya taso daga Timbuktu, ya ratsa Sahara da gashin jimina da ƙaro da hauren giwa, su karɓa su loda wa jiragen Landan, jiragen su dawo da shayi da sukari. Mu jikokin fatake, wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Hanyar ta kuma kwaso bayi daga ƙasashen baƙar fata, abin da bai kamata mu rufe ba. Zuriyarsu ce ke kiɗan Gnawa a garin har yau.

Ba kullum ake zaman lafiya ba. A 1807 an tattara talakawan Yahudawa cikin mellah, wato keɓaɓɓiyar unguwarsu mai cunkoso. Bayan 1912 Faransa ta karkata ciniki zuwa Kasabalanka, kasuwa ta mutu, mutane suka fara watsewa. Kafa Isra'ila a 1948 da yaƙin 1967 suka kwashe kusan duk sauran Yahudawan. Yanzu 'yan tsiraru ne suka rage.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne garin bai share sawunsu ba. Kabarin malamin Yahudawa Rabbi Haim Pinto, wanda ya rasu a 1845, yana nan, kuma duk shekara jikokin waɗanda suka tafi suna dawowa ziyara. A Janairun 2020 Sarki Muhammad na Shida ya ziyarci Bayt Dakira, gidan tunawa da aka gyara a tsohuwar majami'ar Yahudawa ta Simon Attia.

Wasu za su ce siyasa ce. Akwai siyasa, ban musa ba. Amma shekaru kusan ɗari biyu da Musulmi da Bayahude suka yi suna ciniki a kasuwa ɗaya, suna magana da Larabci ɗaya, sun riga Isra'ila zuwa duniya, kuma ban yarda a bar wa Netanyahu tarihin nan ya zama nasa ba.