Gidan Haya Mai Tsada, Titi Kuma Kamar Kogi

Wai an gyara unguwa! Duk wanda ke zaune a arewacin tsohon garin Charleston, a jihar Carolina ta Kudu a Amurka, ya san abin da nake nufi. Wajen Morrison Drive da can rumbunan ajiye kaya ne da layin dogo. Yanzu an cika shi da benaye masu gilashi, da gidajen shan gahawa, da kuɗin haya mai sa mutum ciwon kai. Tsohuwar masana'antar sigari ta titin East Bay, wadda ma'aikatanta, yawancinsu mata baƙar fata, suka yi yajin aiki a 1945, ta koma ofisoshi da wuraren cin abinci na masu hannu da shuni.

To madalla. Amma ruwan fa?

Yawancin wurin nan fadama ce da aka cike da ƙasa. Idan teku ta tumbatsa, ruwan gishiri yakan ɓullo ta magudanai ya malale titi, ko da rana tsaka, ba hadari ba yayyafi. Kafin ka fita aiki sai ka duba jadawalin cikar teku a waya, kai ka ce masunci ne. Gishirin kuma yana cinye ƙarƙashin mota a hankali, mai gidan haya ko a jikinsa.

Da dare kuma jirgin ƙasa mai kai kaya tashar jiragen ruwa ta Columbus Street ya saki ƙaho. Dillali ya nuna mana wurin ninƙaya a saman bene, amma batun ƙahon jirgin kam ya haɗiye shi bai faɗa ba.