"To" ɗin mara lafiya ba shi ne fahimta ba

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta haura shekara sittin ba ta taɓa kwana a gadon asibiti ba, sai da ciwon kai da jiri suka matsa mata muka ɗauko ta daga ƙauyenmu da ke yankin Ƙaura Namoda zuwa wani asibiti a Gusau. Aka auna ta aka ce hawan jini ne, aka kwantar da ita kwana uku, ni ne kuma mai jinyarta. Ranar sallama wata matashiyar nas ta zo da magani a ƙananan ledoji guda biyu, ta tsaya a bakin gado ta ce, "Inna, wannan ɗaya da safe, wannan ɗaya da dare, ki rage gishiri, ki dawo bayan wata ɗaya. Kin gane?" Gwaggo ta ce, "To, 'yar nan, Allah ya yi miki albarka." Nas ɗin ta wuce gado na gaba, domin akwai mutane da yawa suna jiran ta. Ina tsaye a wurin, ni da na yi boko, ban tambayi komai ba, saboda haka ina da kaso a cikin abin da ya biyo baya.

Gwaggo ta sha maganin kusan mako biyu, ciwon kai ya tafi, sai ta ƙulle sauran a ƙyalle ta ajiye cikin kwanon jerenta, da nufin ta ɗauko in ciwon ya dawo. A saninta, da sanin mafi yawan mutanenmu, magani na lokacin ciwo ne, kuma wanda ya ci gaba da sha bayan ya samu sauƙi ɓarna yake yi. Bayan wata biyar ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, har yau tana jan ƙafa. Abin da ya ɓace a ranar sallama jimla biyu ce kawai: cewa hawan jini ba irin ciwon da ake sha wa magani ya tafi ba ne, danne shi ake yi, kuma jin sauƙi alama ce ta cewa maganin yana aiki, ba alamar a daina ba. Faɗin haka ba zai ci minti ɗaya ba.

Ba na ganin wannan nas a matsayin azzaluma. Ta yi sallama, ta kira Gwaggo Inna, ta faɗi yadda ake shan magani daidai. Kuskurenta shi ne ta ɗauki "to" a matsayin shaidar cewa saƙo ya isa. Mu kuwa da muka tashi a gidajen Hausawa mun san cewa "to" kalmar ladabi ce kafin ta zama kalmar fahimta. An tarbiyyantar da mu kada mu sa babba ya maimaita magana, kada mu nuna wa mai ilimi cewa bayaninsa bai fito ba, kuma a idon mutumin ƙauye duk mai farin kaya a asibiti likita ne, babba ne ko da jikarsa ce a haihuwa. In an tambaye shi "ka gane?" amsa ɗaya ce tarbiyyarsa ta bar masa. Tambayar ce ke da lahani tun daga tushe, domin tana neman mutum ya amsa laifin rashin ganewa a gaban jama'a.

A kwanciya ta biyu ne na ga yadda ake yin abin. Wata dattijuwar nas, wadda kowa a ɗakin yake kira Sista, ta jawo kujera ta zauna har fuskarta ta daidaita da ta Gwaggo, ta fara da tambayar garinsu da jikokinta, sannan ta ce, "Inna, ina tsoron kada na yi miki bayani a gurguje. In kin koma gida jikarki ta tambaye ki yadda ake shan wannan magani, me za ki ce mata?" Dubi yadda ta ɗora nauyin a kan kanta: ita ce mai yiwuwa ta gaza bayani, ba tsohuwa ce ta gaza ganewa ba. Gwaggo ta fara faɗi, ta haɗa ƙwayoyin biyu wuri ɗaya, Sista ta gyara mata ba tare da ta ɗaga murya ba. Ba ta ce ƙarfe takwas na safe ba, domin Gwaggo ba ta da agogo. Ta ce bayan sallar asuba da bayan sallar isha'i. Ta zana rana a leda ɗaya, ta zana jinjirin wata a ɗaya. Ta tambaye ta abin da za ta yi in ta ji garau, sai da Gwaggo ta faɗi da bakinta cewa ba za ta daina ba. Ta kuma kawo maganar azumi tun kafin a tambaye ta, ta ce a zo a ga likita kafin watan ya kama domin a daidaita lokutan sha. Na duba agogona a ɓoye, duka bai wuce minti shida ba.

Wannan dabara ta sa mara lafiya ya mayar da bayani da kalmominsa ita ce abin da nake roƙon kowane ma'aikacin jinya a jihar nan ya mayar ɗabi'a, domin magungunan da muka fi sha su ne suka fi buƙatar ta. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa yanzu sau 6 ake shan sa cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma yana son a haɗa shi da madara ko abinci mai ɗan maiƙo kafin jiki ya karɓe shi sosai. Uwa nawa ce ke tsayar da shi a rana ta biyu da zarar zafin jikin yaro ya sauka, ta adana sauran don ƙanensa? Garin gishiri da sukari na gudawa, ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake dama shi, a zubar da abin da ya kwana ya wuni, a haɗa wa yaro da ƙwayar zinki ta kwana 10 ko fiye. Kalmar lita ba ta nufin komai ga matar da take awo da ludayi da kofin silba, amma in aka ce mata ledar ruwan sha biyu, ko aka nuna mata mazubin da ta sani, an gama. Maganin tarin fuka kuwa wata 6 ne, kuma wanda ya yanke a tsakiya yana iya dawowa da nau'in da ya fi ƙarfin magungunan farko.

Akwai kuma kunya, wadda a ganina ita ce babban shingen da makarantun koyon jinya ba su ba ta haƙƙinta ba. Mace za ta zo da ɗanta na fari a galabaice, a tambaye ta sunansa ta sunkuyar da kai, ta ce "yaron nan," ta bar kakarsa ta yi magana. Wanda bai san alkunyar ɗan fari ba sai ya ce uwar ba ta damu ba, har ya yi mata faɗa, alhali ita ce ta kwana a zaune da yaron, ita ce ta san sau nawa ya yi amai da abin da aka ɗura masa. Amarya za ta zo tare da uwar mijinta, a yi mata tambaya kan jinin al'ada ko kan kwanciyar aure a gaban surukar da kuma layin mutanen da ke jira a bayan labule, sai ta ce ciwon kai ne ya kawo ta. Sau da yawa ainihin ciwon yana fitowa ne a ƙarshe, bayan an rufe kati, da muryar da ba a ji sosai: "Sannan kuma akwai ɗan sanyi." Nas mai basira takan nemi 'yan rakiya su ɗan ba su wuri cikin girmamawa, takan kuma tambaya kafin a tashi, "Akwai wani abin da ya rage ba mu taɓa ba?" sannan ta yi shiru ta jira. Shirun nan aiki ne, ba ɓata lokaci ba.

Kalmar sanyi ma kanta tana buƙatar a bi ta a hankali, haka shawara, haka basir, domin kowace ɗaya buhu ce da mutanenmu ke zuba cututtuka dabam-dabam a ciki. Mai cewa basir yana iya nufin tsiro a dubura, yana iya nufin kumburin ciki, yana iya nufin raunin mazakuta da yake kunyar ambata. Nas ta yi karatunta da Turanci, mara lafiya yana tunanin ciwonsa da Zamfarci, wani ma da Fulatanci, kuma in babu mai jin yaren sai a kira mai shara ko mai jinyar gadon kusa ya yi tafinta, sirrin mutum ya fita tun kafin ya bar ɗakin. Wannan ba alfarma ba ce da ake roƙo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, kuma ta ce a yi hakan gwargwadon iko da harshen da yake ji, tare da la'akari da matakin karatunsa. Dokar ta kuma wajabta riƙe sirrinsa. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da ya sake jaddada waɗannan. Ina so mazaje su lura: mara lafiyar ce doka ta ce a sanar, ba mijinta kaɗai a baranda ba.

Game da tsawa a ɗakin haihuwa ba zan tsawaita ba, domin duk wanda ke da 'yar'uwa ya ji labari. Zan faɗi sakamakonta kawai. Matar da aka kunyata tana naƙuda takan koma unguwa ta ba da labari a gidan suna, kuma mata goman da suka saurare ta sun yanke shawarar inda za su haihu. In wata cikinsu ta fara ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da dishi-dishin ido, alamomin da ke gabatar jijjiga, za ta yi ta haƙuri a ɗaki har lokaci ya ƙure. Haka kuma wanda aka taɓa yi wa faɗa don ya sha jiƙo ko sassaƙe ba zai ƙara faɗin gaskiya ba, kuma mai jego ba za ta ambaci yawan kunun kanwar da take sha ba ko da numfashinta ya fara sarƙewa, alhali wannan bayani ne da mai magani ke matuƙar buƙata. Wanda ya tambaya da sigar "me aka fara gwadawa a gida?" shi ne zai ji amsa.

Mu a Zamfara mun ga abin da bayani ke yi da idonmu. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, kuma ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ne suka fara ankarar da duniya. Dalilin shi ne duwatsun zinariya da ake daka da niƙa a cikin gidaje, ƙurarsu tana sauka inda yara ke rarrafe. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jiki, amma ba shi da amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta jawo ciwon, shi ya sa sai da aka kwashe ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Kafin a kai ga haka dole aka zauna da iyaye da masu gari da malamai, aka fahimtar da su cewa abin da ke kawo musu abinci shi ne ke kashe 'ya'yansu, ba iska ba, ba sammu ba. Babu allurar da za ta iya yin wannan aikin.

Na san abin da ma'aikatan jinya za su ce, domin ƙanwata nas ce kuma ta faɗa mini ido da ido. Mutum ɗaya ne a kan ɗaki guda cike da gadaje tsawon dare, wasu abokan aikin sun tafi Ingila ko Saudiyya, asibitocin karkara da dama sun rasa ma'aikata saboda 'yan bindiga, don haka jama'arsu suka kwararo birni, ga 'yan'uwan marasa lafiya da ke huce takaicin tsadar magani a kan wadda suka gani a gabansu. Duk gaskiya ne, kuma gwamnatin da take son a yi wa talaka magana mai daɗi sai ta ɗauki isassun ma'aikata ta biya su a kan kari, domin wanda bai runtsa ba haƙurinsa gajere ne. Amma na ce mata minti shida na Sista sun fi araha a kan makonni uku da Gwaggo ta sake yi a gado, tana cin lokacin waɗannan ma'aikata da suka yi ƙaranci. Ina kuma ganin ya kamata kwalejojin koyon jinya da ungozoma na jiharmu su riƙa jarraba ɗalibi a kan yi wa tsohuwa bayanin ciwon sukari da Hausa, kamar yadda suke jarraba shi a kan ɗaura ƙarin ruwa.

Mu masu rakiya ma akwai namu. Mu daina amsa tambayar da aka yi wa mara lafiya matuƙar yana iya magana, mu faɗi abin da aka sha a gida ba tare da ɓoyo ba, mu gaishe da nas mu tambaye ta gajiya, kuma kafin mu naɗe tabarma ranar sallama mu tambayi abu uku da ni ban tambaya ba: har yaushe za a sha maganin, me za a yi in an ji sauƙi, da wace alama ce in an gani za a dawo ko da tsakar dare ne.

Gwaggo yanzu tana gidana a Gusau. Ledojinta biyu suna rataye a ƙusa kusa da dardumarta, mai rana da mai wata, kuma duk lokacin da aka sabunta maganin sai ta sa jikarta ta sake zana su. Makon jiya wata ƙawarta ta zo duba ta daga ƙauye tana kukan ciwon kai, na ji Gwaggo daga ɗaki tana tambayar ta yaushe rabon da a auna jininta, tana kuma ce mata ta kwana, gobe in kai su asibiti tare.